Tsohuwar Dell OptiPlex 7010: SSD ta SATA zan saya ko NVMe?

Mai Shagon Bugu ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar masana kafin in zuba kuɗina a kan abin da ban gama fahimta ba. Ina da kwamfutar tebur ƙirar Dell OptiPlex 7010, mai dogon akwati, wadda na saya ta hannu, kuma da ita nake aikin shago: buga takardu, tsara katin biki da CorelDRAW, da cike wa ɗalibai fom a intanet. Furosesarta Core i5-3470 ce, RAM ɗinta gigabait 4, ma'adanarta irin ta da ce mai faifai, mai cin gigabait 500, sannan Windows 10 ce a kanta.

Damuwata ita ce nauyin da ta yi. Idan na kunna ta sai na daɗe ina jira kafin ta yarda a buɗe ko da takarda ɗaya, kuma idan na duba Task Manager sai in ga ma'adanar ta tsaya a kashi 100 cikin 100 alhali furosesar ba ta aikin komai. Na je kasuwa na tambayi masu sayar da kaya, sai maganarsu ta rabu biyu. Wani ya ce in sayi SSD, wato ma'adana marar faifai, mai inci 2.5 da ake jonawa da wayar SATA. Wani kuma ya ce zamanin SATA ya wuce, in sayi sabon nau'in SSD da ake kira NVMe tare da katin da ake soka ta a jiki, domin tana gudun megabait 3,500 a daƙiƙa, waccan kuwa ba ta wuce 550. Wace ce ta dace da wannan na'ura? Kuma idan na sauya, mene ne makomar fayilolina da manhajojina da lasisin Windows? A ƙarshe ina so in san ko ɗauke wuta da ake yi mana ba zai lalata sabuwar ma'adanar ba. Allah Ya saka da alheri.

Injiniyan Unguwa ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Sayi SSD ta SATA mai inci 2.5, gigabait 500 ko terabait 1 gwargwadon ƙarfin aljihunka, ka bar maganar NVMe. Zan faɗi dalili, domin alƙaluman da mutum na biyu ya ba ka gaskiya ne, sai dai ba su ne ke auna ciwon kwamfutarka ba.

Lambar 550 da ta 3,500 suna nuna gudun ma'adana ne idan tana karanta babban fayil guda a jere, kamar kwafe dogon bidiyo daga wuri zuwa wuri. Abin da Windows ke yi lokacin tashi, da abin da CorelDRAW ke yi lokacin buɗewa, wani aiki ne daban: neman dubban ƙananan fayiloli da ke warwatse ko'ina. A ma'adana mai faifai akwai wani ɗan hannu da ke yawo a kan faifan kamar allurar garmaho, kuma duk fayil ɗin da aka nema sai hannun ya tafi inda yake, sannan ya jira faifan ya juyo da wurin ƙarƙashinsa. Faifan da ke juyawa sau 7,200 a minti yana cin wajen kashi 12 ko 13 cikin dubu na daƙiƙa a kowane irin wannan nema, wato abin da zai iya biya a daƙiƙa ɗaya bai fi buƙata ɗari ba. Wannan shi ne kashi 100 da kake gani a Task Manager: buƙatu ne suka yi layi, ba wai bayanai masu yawa ne ke wucewa ba. SSD ba ta da wani sashe mai motsi, tana amsa buƙata cikin kusan kashi ɗaya bisa goma na kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, don haka a irin wannan aiki ta ninka faifai kusan sau ɗari. Babban tsallen yana tsakanin faifai da SSD ne, kowace iri ce. Tazarar da ke tsakanin SATA da NVMe a wajen ƙananan fayiloli ba ta kai ko kusa da ninki shida da alƙaluman kwali ke nunawa ba, kuma mai buga takardu da tsara kati ba zai ji ta a jikinsa ba.

Dalili na biyu ya fi na farko nauyi. OptiPlex 7010 ta fito ne a 2012, lokacin da ƙa'idar NVMe ba ta daɗe da fitowa ba, kuma babban allonta ba shi da ramin M.2, wato inda ake soka NVMe kai tsaye, ko ɗaya. Za ka iya soka katin a ramin PCIe, wato ramin ƙarin katuna da ke kan allon, Windows 10 kuma za ta ga ma'adanar bayan ta tashi, amma BIOS ɗin wannan na'ura, wato manhajar cikin allo da ke fara tayar da kwamfuta kafin Windows, bai san yadda ake tayar da kwamfuta daga NVMe ba. Sai daga wajen 2014 zuwa 2015 ne allunan kwamfuta suka fara zuwa da wannan ilimi a cikinsu. Ma'ana, da ka bi shawarar mutum na biyu ba tare da wata dabara ba, da Windows ta ci gaba da zama a kan tsohon faifan, nauyin da kake kuka da shi yana nan daram, sabuwar ma'adanar kuma ta zama wurin ajiya kawai.

Ka yi sa'a da irin allon da ke cikin taka. Yana ɗauke da Intel Q77, guntun da ke kula da kafofin allon, wanda ke da kafofin SATA biyu masu gudun gigabit 6 a daƙiƙa, ragowar kuma masu gigabit 3. Idan ka buɗe akwatin ka duba rubutun da ke gefen kowace kafa, ka jona sabuwar SSD a wadda aka rubuta wa SATA0, wato inda tsohon faifan yake a yanzu, shi kuma ka mayar da shi wata kafar. Ko da kuskure ya sa ka jona ta a kafa mai gigabit 3, abin da za ka rasa shi ne gudun manyan fayiloli, wanda zai tsaya a wajen megabait 270, amma saurin tashi da buɗe manhaja ba zai ragu sosai ba. Shi ya sa ko masu OptiPlex 780 ta zamanin Core 2 Duo, ko 3010 mai H61, waɗanda ba su da kafa mai gigabit 6 sam, nake ba su shawara iri ɗaya.

Abubuwan da za ka haɗa da ita kaɗan ne: wayar SATA guda ɗaya idan za ka bar tsohon faifan a ciki, da ƙarfen da ke riƙe ma'adana mai inci 2.5 a gurbin inci 3.5. Ka duba ko akwai ragowar kan wayar wuta na SATA da ke lilo daga akwatin wutar kwamfutar. Kada ka yarda a haɗa ka da arahar wayar nan da ke juya tsohon kan Molex zuwa SATA, musamman mai narkakken roba a kai, domin an san irinta da haɗa wuta har ta ƙone.

Game da wadda za ka zaɓa, Samsung 870 EVO da Crucial MX500 suna da ɗan RAM nasu a ciki da ke riƙe taswirar inda kowane bayani yake, Kingston A400 da Crucial BX500 kuwa ba su da shi, shi ya sa suka fi sauƙin kuɗi kuma suke yin sanyi idan aiki ya taru. Dukkansu sun fi faifanka nesa ba kusa ba, amma ga na'urar da ake neman abinci da ita ni na fi son masu RAM ɗin. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne jabu da kuma tsohuwar da aka goge aka sa a sabon kwali, domin araha ba ta ado. Ka sa sharaɗi da mai shago cewa za a gwada a gabanka. Manhajar CrystalDiskInfo kyauta ce, tana nuna sa'o'in da ma'adana ta yi tana aiki da yawan abin da aka taɓa rubutawa a kanta. H2testw kuma tana cika ta da bayanai ta karanto su, ta tona asirin wadda aka rubuta wa terabait 1 alhali cikinta bai kai haka ba. Idan Samsung ce, manhajarsu ta Magician tana faɗin ko ta asali ce.

Lasisin Windows 10 yana ɗaure ne da babban allon kwamfutar, ba da ma'adana ba. Muddin wadda ke kai yanzu halastacciya ce, kuma ka sake loda irinta, Home ko Pro, za ta kunna kanta da zarar ka hau intanet.

Ɗan Kurna ya amsa:

Injiniya, ranka ya daɗe, na yarda da mafi yawan bayaninka, amma ina ganin ka rufe ƙofar NVMe da ƙarfi fiye da yadda ya kamata. Ana tayar da 7010 daga NVMe, kuma hanya biyu ce. Ta farko ita ce a sa ƙaramar manhajar tayarwa irin su Clover a kan filas da za a bari a jone koyaushe: BIOS ya tashi daga filas, filas ya loda direban NVMe, sannan ya miƙa ragamar ga Windows da ke kan katin. Ta biyu ita ce a cusa direban cikin BIOS ɗin kansa, wanda ya fi tsabta idan ya yi kyau, amma idan aka samu tangarɗa ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutawa, allon na iya mutuwa baki ɗaya.

Hujjata ita ce Malam ba zai dawwama da wannan kwamfuta ba. Ranar da ya sayi sabuwa, NVMe za ta shige ramin M.2 ɗinta kai tsaye ta yi cikakken gudunta, kuma a yau bambancin farashin nau'in biyu ba shi da yawa. Sai dai duk wanda zai bi wannan hanya ya lura da abu biyu. Ramin PCIe mai launin shuɗi shi ne ke haɗe da furosesa kuma shi ke ba da gudun ƙarni na uku; dogon baƙin ramin da ke ƙasa layi huɗu kawai aka ja masa na ƙarni na biyu, don haka ba zai wuce megabait 2,000 ba ko a takarda. Sannan M.2 sunan siffa ne kawai: akwai ma'adanar M.2 da harshen SATA take ji, kuma irin wannan ba za ta yi aiki a kan katin PCIe na yau da kullum ba, ko da ta shiga ramin daidai.

Malamar Kwamfuta ta amsa:

Sallama gare ku baki ɗaya. Abin da Ɗan Kurna ya bayyana yana yiwuwa, amma ya dace da mai sha'awar gwaje-gwaje ne, ba mai shagon da kwastoma ke tsaye a kansa ba. Ranar da wani yaro ya zare wannan filas don ya kwafi hoton fasfo, ko filas ɗin ya gaji ya mutu, kwamfutar ba za ta tashi ba, kuma mai gyaran da za a kira ba lalle ne ya gane abin da aka ƙulla ba. Ita ma SSD ta SATA ba asara ba ce idan an sayi sabuwar na'ura, domin kwamfutocin tebur har yanzu suna zuwa da kafofin SATA.

Zan tsaya a kan tambayar wuta, wadda ba a amsa ba tukuna. SSD ba ta tsoron girgiza ko faɗuwa kamar faifai, amma ba ta son a yanke mata wuta tana tsakiyar rubutu. A cikinta akwai taswirar da take sabuntawa koyaushe, wadda ke faɗa mata inda kowane gutsuren fayil yake, kuma idan wuta ta ɗauke a mummunan lokaci, mafi sauƙin abin da zai faru shi ne a rasa aikin da ba a gama adanawa ba, mafi muni kuwa taswirar ta rikice kwamfuta ta daina ganin ma'adanar kwata-kwata. Wannan na biyun ba kullum yake faruwa ba, amma a wurin da ake sauyawa tsakanin wutar NEPA da janareta sau da yawa a yini, ana yawaita ba shi dama. Ma'adanun da ake yi wa manyan cibiyoyin bayanai suna da na'urorin riƙe caji da ke ba su damar kammala rubutu, irin waɗanda muke saye a kasuwa kuwa galibi ba su da cikakkiyar wannan kariya. Saboda haka, Malam, ka lissafa UPS, wato akwatin batir da ke riƙe kwamfuta idan wuta ta ɗauke, cikin kuɗin aikin, ko da ƙarami ne mai riƙe minti biyar, kuma idan kana da shi ka gwada batirinsa, domin UPS mai mataccen batir ado ne kawai.

Bambanci na biyu da ya kamata ka sani shi ne yadda suke mutuwa. Faifai yakan yi gargaɗi, ya fara ƙara ko ya riƙa sanyi, kuma sau da yawa ana iya ceto wani abu daga cikinsa. SSD na iya yin aiki lafiya da daddare, da safe a neme ta a rasa, kuma ceto bayanai daga cikinta aiki ne mai wuya da tsada. Kowace SSD tana da iyakar abin da za a iya rubutawa a kanta, amma kada tsoron ƙarewar rubutu ya dame ka: Samsung ta ba 870 EVO mai gigabait 500 garantin shekara biyar ko rubutun terabait 300, kuma wanda ke rubuta gigabait 20 kowace rana sai ya shekara arba'in bai kai wannan adadi ba. Abin tsoro shi ne ajiye aikin mutane a wuri ɗaya tak. Tsohon faifan zai iya zama wurin kwafi na biyu, amma tunda suna cikin akwati ɗaya, wutar da ta ƙona ɗaya tana iya ƙona ɗayan, don haka a samu na uku a waje, ko faifan USB ko ma'ajiyar intanet. Kuma kada a mayar da SSD abin jefawa a durowa shekara da shekaru. Ƙa'idar JEDEC, ƙungiyar da ke tsara ma'aunin irin waɗannan kaya, ta nemi ma'adanar da ta cinye adadin rubutunta ta riƙe bayanai shekara guda ba wuta a zafin digiri 30, kuma riƙon yana raguwa idan zafi ya ƙaru. Kowa ya san yadda shago mai rufin kwano yake a watan Afrilu.

Akwai kuma maganar da ban so a ɓoye maka ba. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, in ban da shirin ƙarin kariya da ta buɗe wa masu amfani na gida zuwa 13 ga Oktoba, 2026. Windows 11 kuwa tana neman guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da furosesar Intel ta ƙarni na takwas zuwa sama, taka ta ƙarni na uku ce, TPM ɗinta kuma 1.2. Wannan ba dalilin fasa sayen SSD ba ne, domin kuɗinta kaɗan ne idan aka kwatanta da na sabuwar kwamfuta, amma dalili ne na kada ka narka dukiya a kanta. Ka ƙara RAM zuwa gigabait 8, irin DDR3, tunda akwai ramuka huɗu kuma na hannu yana da sauƙin samu. Da gigabait 4, Windows tana yawan juye abin da ya cika mata a kan ma'adana, kuma wani kaso na wahalar da faifanka ke sha daga nan yake.

Mai Shagon Bugu ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara ilimi. Na tsaya a kan SATA mai gigabait 500 da ƙarin RAM, UPS kuwa ina da shi, batir zan sauya masa. Abin da ya rage mini shi ne yadda zan koma kan sabuwar. Injiniya, in kwafe tsohon faifan kaf yadda yake, ko in loda Windows sabuwa? Abin da nake tsoro shi ne nau'o'in haruffan da na tara don aikin kati, da direbobin firintocina biyu.

Injiniyan Unguwa ya sake amsawa:

Kafin ka zaɓa, Malam, ka gwada lafiyar tsohon faifan da CrystalDiskInfo. Idan ta nuna shuɗi, kwafewa kaf za ta yiwu. Idan ta nuna rawaya, musamman a layukan da ke da lamba 05 da C5, to faifan ya fara samun matattun gurabe, kuma kwafewa na iya tsayawa a tsakiya ko ta kwaso gurɓatattun fayilolin Windows zuwa sabon gida. A wannan hali ka fara kwashe aikin kwastomominka yau ɗin nan, kafin ma ka je kasuwa.

Idan za ka kwafe, ka lura da girma. Clonezilla kyauta ce kuma amintacciya, amma ba ta son a kwafe daga babbar ma'adana zuwa ƙarama, kuma SSD mai gigabait 480 ta fi faifanka mai 500 ƙanƙanta ko da rabinsa fanko ne. Manhajojin da kamfanoni ke bayarwa, irin su Data Migration ta Samsung, suna daidaita girman da kansu, sai dai kowace tana aiki ne idan ma'adanar kamfaninta ce a jone. Bayan an gama, ka zare wayar tsohon faifan kafin tashin farko, ka tabbatar komai yana aiki, sannan ka mayar da shi.

Ni dai sabuwar lodawa nake zaɓa ga kwamfutar da aka saya ta hannu, domin ba ka san abin da mai ita na farko ya bari a ciki ba. Filas mai gigabait 8 ya isa a haɗa faifan lodawa daga shafin Microsoft. Haruffanka suna cikin foldar Fonts da ke cikin foldar Windows, wasu kuma a foldar Fonts da ke ƙarƙashin AppData na sunanka. Ka kwafe duka biyun, daga baya ka zaɓe su ka girka a lokaci ɗaya. Direbobin firinta ka sauko da su daga shafin kamfanin tun kwamfutar tana aiki, ka kuma nemo lambar lasisin CorelDRAW da kalmomin sirrin da burauza ta adana maka.

A ranar aikin, ka kashe ta, ka zare wayar wuta, ka danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar caji ya fita, ka kuma hure ƙurar da ta taru a fanka tunda ka riga ka buɗe. Ka jona SSD ita kaɗai, tsohon faifan a zare, domin idan suna jone tare Windows na iya ajiye fayilolin tayarwa a kan tsohon, ranar da ya mutu kuma sabuwar ta ƙi tashi. Danna F2 ka shiga BIOS, ka nemi inda aka rubuta SATA Operation ka sa shi a AHCI, ka zaɓi UEFI a tsarin tayarwa, sannan F12 ka tashi daga filas. Wannan saiti na AHCI kafin lodawa ake yin sa. Idan aka sauya shi bayan Windows ta zauna, shuɗin allo ne zai tarbe ka. Saboda wannan dalilin ne nake cewa ka sauya ɗan batirin CR2032 da ke kan allon a rana ɗaya, domin idan ya mutu BIOS yana komawa saitin masana'anta, wanda ba lalle ya dace da abin da ka zaɓa ba.

Bayan ta tashi, ba ka buƙatar wata manhajar ƙara gudu. Windows tun daga ta 7 tana gane SSD kuma tana aika mata umarnin TRIM, wanda ke sanar da ita guraben da aka goge, da kanta, don haka ka bar jadawalin gyaran ma'adana yadda ka same shi. Ka riƙa barin kamar kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na SSD ɗin fanko, tsofaffin ayyuka da hotunan da aka gama da su kuma su koma kan faifan. Kada ka yi wa tsohon faifan fomatin sai ka buɗe fayilolin CorelDRAW da dama a kan sabuwar ka ga haruffansu sun fito daidai.